Idin Bukkoki a Arewacin Landan

Kwana huɗu ne kacal tsakanin babban azumin Yahudawa, wanda suke kira Yom Kifur, da shigowar Idin Bukkoki, wato Sukot. A cikin kwanakin nan ake so a kafa bukka, a rufe ta, a yi mata ado, a jera tebura da kujeru a ciki. A shekarar 2022 azumin ya faɗo ranar Laraba 5 ga Oktoba, idin kuma da faɗuwar ranar Lahadi 9 ga wata zai kama. Ka cire Asabar, wadda ko ƙusa ba a bugawa, ka cire yammacin Juma'a da kowa ke hanzarin komawa gida kafin rana ta faɗi, sai ka ga ɗan abin da ya rage mana.

Ni mataimakin mai kula da gini ne a wata majami'ar Yahudawa da ke arewacin Landan. Shara, jera kujeru, buɗe ƙofa, kunna na'urar ɗumama ɗaki, aikina ke nan. Musulmi ne ni, ɗan manomi daga ƙasar Funtuwa, kuma sun san da haka tun ranar da suka ɗauke ni. Wanda ba Bayahude ba ma ya fi yi musu amfani a wannan gurbi, domin ranar Asabar da manyan ranakun idi addininsu bai yarda su taɓa makunnin lantarki ba. Ibadarsu tasu ce, ba na shiga ciki. Amma duk abin da za a ɗaga, a ɗaure ko a share, sai ya bi ta hannuna, shi ya sa na ga idin nan tun daga ƙusar farko.

Ƙusar farko kuwa a daren da suka sha ruwa aka buga ta. Mutanen da suka yi awa 25 ba ci ba sha, ana gama kurɓar shayi sai ga dattawa uku sun fito bayan gini da guduma. Al'adarsu ce a fita daga wannan ibada a faɗa wata ba tare da an huta ba. Katako biyu suka haɗa, suka yi mini sai da safe, suka bar mini sauran.

Ranar Alhamis muka fito da allunan katako, kowanne da lambarsa, muka fara haɗa bango a filin ajiye motoci. Bangon ba shi da wani tsauri. Katako, tamfol, kwano, ko bangon ginin da ke tsaye, duk ya yi, muddin iskar yau da kullum ba za ta kaɗa shi ba. Bango biyu cikakku da ɗan guntun na uku ma sun wadatar, ko da yake mu huɗu muka yi saboda sanyi. Tsayi kada ya gaza faɗin tafin hannu goma, kada ya haura kamu 20, kimanin mita goma ke nan. Da malamin majami'ar ya zo duba aiki, rabbi suke ce masa, ko kallon bangon bai yi ba. Sama ya ɗaga kai. Wani reshen bishiyar maƙwabta ya miƙo ta saman katanga ya yi wa kusurwa guda inuwa. Ya ce duk wanda ya zauna ƙarƙashin reshen nan, inuwar bishiya ya sha, ba ta bukka ba. Ba a son rigima da maƙwabci ana gobe idi, don haka muka kwance abin da muka ɗaure, muka ja bukkar gaba ɗaya zuwa tsakiyar fili.

Duk tsaurin a rufi yake. Dole ya zama abin da ya tsiro daga ƙasa, aka kuma yanke shi. Kurangar da ke raye ba ta yi. Kada ya zama abin da aka sarrafa ya koma kayan amfani, don haka babu kwano, babu leda, babu zane. Inuwarsa ta fi hasken ranar da ke ratsowa yawa, amma kada ya yi kaurin da zai hana ruwan sama shiga, an ma fi so mutum ya iya hango taurari ta cikinsa. A Ingila rassan lorel aka saba sawa, wani itace da ganyensa ke zama kore shar ko da hunturu. Mota guda aka kawo mana, haɗe da tabarmin gora da ake saƙawa musamman don wannan aiki. Muka gitta siraran katako, aka shimfiɗa tabarmin, aka watsa rassan a kai. Ba a buga musu ƙusa.

A garinmu wanda ya yi wa mutum jinka irin wannan ba zai ga kuɗin aikinsa ba, wataƙila ma a kai shi gaban mai unguwa. Mu abin da muka sani shi ne a jera ciyawa a ɗaure ta tamau yadda ko ɗigo ba zai sauka ba. Nan kuwa ina kan tsani, malamin na ƙasa yana ce mini, "Rage nan, ya yi kauri." Na tambaye shi ko aikin hannuna ba zai ɓata musu ibada ba. Ya ce littattafansu sun yi magana a kai tun da daɗewa: bukkar da wanda ba Bayahude ba ya rufe ta halatta, in dai don inuwa aka yi ta. Duk da haka ya tuɓe kwat, ya hau tsanin da kansa ya ɗora rassa kaɗan, ya kira wasu samari suka ƙarasa.

Asalin abin yana cikin Attaura, a sura ta 23 ta Littafin Firistoci, inda aka umarci Bani Isra'ila su zauna cikin bukkoki kwana bakwai, domin jikokinsu su san cewa a bukkoki kakanninsu suka zauna bayan fitowa daga Masar, a shekaru 40 ɗin da suka yi a hamada tare da Annabi Musa. Littafin Fitowa kuma ya kira shi idin tattara amfanin gona, saboda lokacin ne ake gama kwashe inabi da ɓaure da sauran 'ya'yan itace a ƙasar Kan'ana. Abin da ya haɗa biyun shi ya fi kama mini hankali. Malamin ya ce wani mai tafsirinsu na ƙasar Faransa a ƙarni na 12, Rashbam, ya bayyana cewa da gangan aka sa idin a kaka: daidai lokacin da rumbu ya cika, mutum ya fara ganin ƙarfinsa ne ya ba shi, sai a ce ya bar gidansa ya je ya zauna inda ruwa zai iya dukansa. Wanda ya tashi gidan manoma ba sai an yi masa dogon bayani ba. Na san yadda tafiyar mutum ke sauyawa in ya ɗaure dami ɗari.

Watanninsu da jinjirin wata suke farawa, idin kuma 15 ga watan Tishri ne, don haka kullum a farin wata yake zuwa. A waccan shekara Tishri ya yi daidai da Rabi'ul Awwal, ana ta hidimar Maulidi a gida. Sai dai su sukan ƙara wata guda sau bakwai cikin kowace shekara 19, don kada idin ya bar kaka.

Ranar Lahadi da safe aka sakar mini yara. Makarantar addini ta majami'ar ranar Lahadi take zama, to a wannan mako babu karatu sai ado. Na zo da 'yata mai shekara bakwai, domin uwarta ta kwana wurin aiki tana buƙatar barci, matar malamin kuma ta ce in kawo ta, hannu ba ya yawa. Kafin in ɗauko tsani har ta shige cikinsu, an ba ta almakashi da gam. Sarƙar takarda kala-kala suka yi ta haɗawa har ta zagaye bukkar sau biyu. Wasu suka zana amfanin gona bakwai da Attaura ta yabi ƙasar da su: alkama, sha'ir, inabi, ɓaure, rumman, zaitun da dabino. Duk zanen da aka gama sai a sa shi cikin leda a manne. Wanda ya san Landan ya san dalili. 'Ya'yan itacen da aka rataya yawancinsu na roba ne, domin na gaske rina suke jawowa.

Wani yaro, ba zai wuce shekara biyar ba, ya zo da alewa uku ƙulle a zare, ya ce sai na rataya masa a can sama inda yayansa ba zai kai ba. Na rataya dab da rufi, don an gargaɗe ni kada ado ya sauko fiye da faɗin tafi huɗu daga rassan. Sai da na sauko malamarsu ta durƙusa ta gaya masa cewa duk abin da aka rataya don ado, da zarar idi ya shiga ya zama na bukka, ba mai taɓa shi sai an gama kwana tara, wato bakwai na zaman bukka da ranakun idi biyu da ke bin su. Yaron ya dubi alewa, ya dube ni, ya fara lissafi da yatsu. Can ya ce, "Mista, sauko mini da biyu, ka bar wa bukka ɗaya." Hakan aka yi. Duk tsawon idin ban ga an zaunar da yaro ana yi masa dogon wa'azi ba. Almakashi ake ba shi, a ba shi ganye ya kaɗa, a hana shi alewarsa, a gaya masa dalili a taƙaice. Ƙa'idar da ta shiga kan yaro ta hanyar alewa, ba na jin za ta fita.

A bakin ƙofa an ajiye kwanduna, kowane yaro ya zuba abin da uwarsa ta ba shi, shinkafa, taliya, abincin gwangwani, za a kai wurin da ake raba wa mabuƙata abinci a unguwar. A birnin da ba mai gona, abin da ya rage na kaka ke nan.

Cikin zauren majami'a kuma kasuwa ce ta ci. Kowane magidanci na buƙatar tsirrai huɗu. Akwai lulab, tohon dabino da bai buɗe ba. Da rassa uku na hadas, wani ɗan itace mai ƙananan ganye masu ƙamshi. Da rassa biyu na araba, itacen bakin rafi mai siririn ganye. Sai etrog, wani babban lemo rawaya mai kaushin ɓawo, ɗan'uwan lemon tsami. Daga Isra'ila da Maroko da yankin Kalabiriya na kudancin Italiya ake kawo shi, kowanne cikin kwalinsa, an naɗe shi da abu mai laushi. Na ga dattijo da gilashin ƙara girma yana ta juya lemo ɗaya a bakin taga, yana neman ɗigon baƙi. Akwai ɗan tsinke a kan lemon, pitam suke ce masa. In ya karye, a ranar farko lemon ya tashi aiki. Shi ya sa duk uban da ya saya za ka ji yana ce wa ɗansa, "Sansana kawai, kada ka riƙe." Wani a gabana ya ba da fiye da fam 100 kan lemo ɗaya, ya fita yana murna ya yi arha.

Kafin rana ta faɗi na saita fitilu a kan agogon da zai kunna su ya kashe da kansa, mata suka kunna kyandir. Bayan addu'ar dare jama'a suka kwararo cikin bukka, kowa da rigar sanyi, ana ta "Hag sameyah", tsofaffi kuma "Gut yontif", duk dai barka da idi ne. Malamin ya ɗaga kofin ruwan inabi ya yi addu'ar tsarkake ranar, ya sa albarkar zama a bukka, ya ƙara da wadda suke yi wa duk abin da ya zagayo, ta godiya ga Allah da ya raya su har ya kawo su wannan lokaci. Aka wanke hannu, aka yanka burodinsu mai suna halla, aka tsoma a zuma maimakon gishirin da suka saba. Ni da 'yata aka miƙo mana ruwan inabin da ba giya ba, irin wanda yara ke sha, tun ban tambaya ba. Aka kawo romon kaza da ganyen kabeji da aka naɗe nama da shinkafa a ciki. Yara kuwa ba abinci ne a gabansu ba. Kwanciya suke yi a kan benci suna gasar wanda zai fara ganin wata ta tsakanin ganye.

Kowane dare akwai baƙon da ake gayyata da baki, su bakwai ne: Ibrahim, Ishaƙa, Yaƙuba, Yusuf, Musa, Haruna da Dawuda. Yaran sun rubuta sunayen a kan kwali, kowane dare a ɗaga guda. Da aka karanto su 'yata ta ja hannuna ta ce, "Baba, ai annabawanmu ne." Wata tsohuwa da ke kusa ta nemi in gaya mata abin da yarinyar ta ce, da ta ji sai ta yi dariya ta ƙara mata kek. Malamin ya ce waɗannan baƙi ba sa zama a bukkar da ba a ciyar da baƙo na zahiri. Ya ƙara da cewa zamanin da Haikalinsu ke tsaye a Ƙudus, kafin Romawa su rushe shi a shekara ta 70 Miladiyya, bijimai 70 ake yankawa cikin kwanaki bakwai na idin, malamansu kuma suka ce adadin al'umman duniya ne. Ko don ya kwantar mini da hankali ya faɗa, oho. Na dai ci na ƙoshi.

Da safe daga bakin ƙofa nake kallo, kusa da mai gadi, don majami'un Yahudawa a Ingila ba sa rabuwa da masu gadi, iyaye ma na yin karɓa-karɓa a ƙofa. Kowa ya riƙe lulab a dama, an ɗaure shi da hadas da araba, lemo a hagu, tsinkensa na kallon ƙasa. In ya gama sa albarka sai ya juya lemon, ya haɗa hannu biyu, ya kaɗa gaba, dama, baya, hagu, sama da ƙasa, sau uku-uku. Idan suka kai karatun Zabura daga ta 113 zuwa ta 118, duk zauren na kaɗawa lokaci guda, har bakin titi ana jin kwaramniyar ganyen dabino. Daga nan a fito da naɗaɗɗiyar Attaura a tsaya da ita a mumbarin tsakiya, a zagaye ta sau ɗaya ana ta "Hosha na", wato "Ka cece mu".

A ranar farko ba a miƙa wa yaro lulab sai duk manyan gidan sun gama, dalilin kuma na shari'a ne zalla. A ranar dole tsirran su zama mallakar mai kaɗawa, aro bai yi ba, don haka wanda ba shi da nasa sai a ba shi kyauta bisa sharaɗin zai mayar. Yaro kuwa a shari'arsu yana iya karɓar kyauta amma ba ya iya bayarwa. In ya riga kowa karɓa, lemon ya maƙale a hannunsa ke nan. Iyayen da suka gaji da kuka sukan saya wa yara nasu mai arha.

Ruwan da aka bar wa hanya a rufi bai ƙi zuwa ba. Muna da tamfol da nake ja a kan bukkar in ba kowa ciki, don kada kujeru su jiƙe, in an zo cin abinci kuma in naɗe shi, domin zama ƙarƙashinsa ba zaman bukka ba ne. Wani dare a tsakiyar mako, ana cikin shan romo, sai yayyafi ya fara. Shari'arsu ta ce in ruwa ya kai yadda zai ɓata abinci, a koma cikin gida ba laifi, wanda zaman ke cutarwa ma an ɗauke masa, ban da daren farko da ake so a ci ko loma ce a ciki. To, yaushe ne ruwa ya kai ya ɓata romo? Nan dattawa biyu suka kafa gardama. Ɗaya ya ɗauki kwanonsa ya ce shi kam ya tafi. Ɗayan ya danna hularsa ya ce romon ma gishiri ya yi masa yawa, ruwan nan gyara shi yake. Mata suka kwashi jarirai suka shige ciki. Yara suka ƙi tashi, suna buɗe baki suna tarar ɗigon da ke sauka ta ganye. Ni dai ina tsaye da igiyar tamfol a hannu, ba damar in ja sai mai hular nan ya gama, shi kuwa da gangan ya yi ta jan cokali.

Ranar Asabar ba a ɗaukar lulab. Kohelet suka karanta, Littafin Mai Wa'azi da suke danganta wa Annabi Sulaimanu, wanda ke ta nanata cewa duk abin duniya banza ne, a tsakiyar idin da suke kira lokacin farin cikinsu. Da la'asar aka yi yawon bukkoki. Yara rukuni-rukuni, iyaye gaba da baya, aka bi gidajen unguwa a ƙafa. A kowace bukka a yi musu tambaya ɗaya, a ba su abin taɓawa. Nan na ga bukkoki iri-iri. Akwai ta tamfol da ƙarfe wadda ake saye a kwali, akwai wadda bangonta tsofaffin ƙofofi ne da mai ita ya gada wurin ubansa, akwai kuma wata a barandar bene wadda mutum biyu ba za su zauna ba sai gwiwa ta taɓa gwiwa. Mai ita ya ce ya auna, ta cika faɗin tafi bakwai kowane gefe, kuma babu barandar wani a samansa. Yara bibbiyu suka riƙa shiga. 'Yata ta dawo gida da ciwon ciki da kuma tambayar me ya sa mu ba mu da lambu.

Rana ta bakwai, Hoshana Rabba, ranar tsintsiyata ce. Sau bakwai ake zagaye mumbari, sannan kowa ya ɗauki rassan araba guda biyar a ɗaure ya fyaɗa su a ƙasa. Manya sau biyar suke yi su ajiye. Yara sai sun ga ko ganye ɗaya bai rage a jiki ba.

Rana ta takwas idi ne mai zaman kansa, Shemini Atseret, kuma a ranar ce mai jan addu'a ke sa farar riga ya roƙi ruwan sama. A Landan, takalman kowa a jiƙe, abin da ban dariya. Daminar ƙasar kakanninsu suke nufi, wadda da sanyi take zuwa, an kuma jinkirta roƙon ne sai an gama zaman bukka.

A Isra'ila ranar ce kuma Simhat Tora, wato murnar Attaura, a sauran ƙasashe sai washegari, rana ta tara. Attaura kashi-kashi suke karanta ta kowace Asabar, a sauke a shekara, wannan ce ranar sauka. Tun da yamma na kwashe kujeru zuwa jikin bango. Aka fito da duk naɗaɗɗun littattafan daga ma'ajinsu, aka yi zagaye bakwai, kowane zagaye da waƙa da rawa. Mutanen da duk shekara ban taɓa ganin haƙoransu ba, lauyoyi da akantoci, ga su da yara a wuya suna tsalle. Yara na kaɗa tutocin kwali, ana watsa alewa, ana wawa. Da safe aka sake sabon zagaye. Kowane namiji sai an kira shi ya sa albarka a kan karatu, don haka aka yi ta maimaita wuri guda har aka bi kowa. Da manya suka ƙare aka kira yara duka, har da na goye, suka cika mumbari, mutum huɗu suka miƙe babban mayafin addu'a a kansu. Malamin ya ja su suka faɗi albarkar tare, jama'a kuma suka karanta musu addu'ar da Yaƙuba ya yi wa 'ya'yan Yusuf. Sannan aka karanta ƙarshen Attaura, rasuwar Annabi Musa, nan take aka buɗe wani littafin aka soma daga halittar sammai da ƙasa.

Ranar Laraba na hau kwance aiki ni kaɗai. Rassan lorel sun cika kwandunan sharar ganye har sun yi tsororo, sarƙar takarda ta koma dagwalgwalo, alewar yaron nan kuwa ruwa ya narkar da ita, zare kawai na samu. Lulab ba a jefa shi a shara. Aka ce in ɗaure su in ajiye a sito, da su za a hura wutar ƙona ragowar burodi kafin Idin Ƙetarewa a watan Afrilu, idin tunawa da fitowarsu daga Masar, wanda ba sa cin burodi mai yisti a cikinsa. Lemukan kuma wata tsohuwa ce ta bi mutane ta tattara, ta ce sai ta yi kwanaki tana jiƙa su tana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita, sannan ta dafa da sukari. Bayan wasu watanni ta aiko mini da kwalba ɗaya. Ɗacin bai gama fita ba, amma da burodi da shayi yana tafiya.